Git: Manhajar baƙin allo da ke aiki ko babu sabis a Dutsin-Ma

A watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Makonni suka shuɗe babu kira, babu intanet. Ga ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko matashin da ke koyon rubuta manhaja daga gida a Kuki, duk aikin da ke buƙatar intanet ya tsaya cak.

Sai dai akwai kayan aikin da katsewar ba ta hana su motsi, muddin an riga an ɗora su. Git na cikinsu.

Linus Torvalds, wanda ya assasa Linux, shi ya ƙirƙiro Git a 2005. Aikinta adana tarihin duk sauyin da aka yi wa fayil. Idan ɗalibi ya ɓata rubutun furojet ɗinsa ana gobe zai miƙa, yana iya komawa yadda yake a makon jiya. Tarihin yana zaune ne a cikin kwamfutarsa, sai lokacin tura shi GitHub, dandalin da Microsoft ya saya a 2018, ake neman sabis.

Abin da ke tsorata sababbin shiga shi ne Git a asalinta ba ta da maɓallan dannawa. Baƙin allo ne ake buɗewa a rubuta umarni.

A Windows 11 da sababbin Windows 10, ana buɗe PowerShell a rubuta: winget install --id Git.Git -e. Wanda datarsa ba ta da yawa zai iya sauke fayil ɗin sau ɗaya daga git-scm.com, wanda bai kai megabayit 100 ba, ya raba wa abokai a filash. A Ubuntu kuwa: sudo apt install git. Daga nan a rubuta git --version. Idan lamba ta fito, aiki ya kammala.

A nan ne da yawa ke karaya. Kwamfuta sai ta amsa cewa ba ta san wani abu mai suna git ba, mutum ya ɗauka datarsa ta tafi a banza, ya sake saukewa. Galibi manhajar tana nan daram. Tagar da aka buɗe tun kafin ɗorawa ce ba ta samu labari ba, domin tana riƙe da tsohon jerin wuraren da ake neman manhajoji, wanda ake kira PATH. A rufe tagar a buɗe sabuwa, yawanci shi ke nan. Idan ta ci gaba da gardama, sai a duba ko an saka wurin da Git take a cikin jerin.

Marasa kwamfuta ma suna da hanya. Manhajar Termux na bai wa wayar Android baƙin allo irin na Linux, inda pkg install git ya wadatar. Masu ita suna ba da shawarar a sauke ta daga F-Droid ko shafinsu na GitHub. Rubutu a ƙaramin allo da wuya, amma ya isa a koyi abin kafin a samu laftof.

Baƙin allo ba ya tambaya sau biyu, kuma nan hatsarin yake. 'Yan damfara sun fara buɗe shafukan bogi da ke cewa a kwafi wani layi a liƙa a PowerShell don tabbatar da cewa mutum ne, alhali layin zai sauke manhajar satar kalmomin sirri. Umarnin da aka gani a zauren WhatsApp ba tare da sanin asalinsa ba, gara a bar shi.

Da an gama ɗorawa, Git za ta buƙaci suna da adireshin imel ta hanyar git config, domin su za ta liƙa a kan kowane sauyi. Wanda ke amfani da kwamfutar aro ko ta kafe ya cire --global daga umarnin, don kada aikin na bayansa ya fita da sunansa.