Baƙar Leda da Jar Akuya

Washegarin kasuwa, tun rana ba ta ɗaga ba, awaki ne ke fara shiga fili. 'Yan koli sun ɗaure kayansu tun jiya da magariba, motocin Maraɗi da na Jibiya sun tafi, rumfunan kara sun yi wayam. Abin da ya kwana shi ne leda. Ga baƙa, ga fara, tana birgima a ƙasa, iska na kwasarta tana ratayewa a ƙayar aduwa da magarya da shingen gonakin bakin gari, har wanda ya hango daga nesa sai ya ɗauka hankaki ne suka sauka. Awakin kuwa suna bi suna shinshinawa. In suka samu wadda aka ƙulla gishiri a ciki, ko wadda man ƙosai ya jiƙa, sai su lasa, su tauna, su haɗiye.

Ƙauyen yana kudancin jihar Maraɗi, ba nisa da hanyar da ta bi ta Ɗan Isa ta faɗa Jibiya ta ƙasar Katsina. Kasuwarsa sau ɗaya take ci a mako, ana ciniki da sefa, ana yi da naira, ba mai tambayar wani daga wane ɓangaren iyaka ya fito. A takarda, ledar nan da ta lulluɓe filin haramtacciya ce. A watan Nuwamba na 2014 Nijar ta kafa dokar da ta hana ƙera ledar nan mara kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita, har da tara ta a rumbun ajiya. An haura shekara goma ke nan. Awakin ƙauyen dai ba su ga canji ba.

Aikin leda yana farawa ne tun daren jajiberen kasuwa. Mai tebur kan zauna da yaransa a zaure, da fitila da dami guda na farar leda, suna ƙulli: sukari na dala biyar, gishiri, kanwa, garin barkono, omo, man gyaɗa na dala goma. Ba kowa ke iya sayen tiya ko kwalba ba, cefanen yau ake yi yau, don haka dole a gutsuttsura kaya yadda kuɗin talaka zai kai. Mace ta shigo da jika guda, kafin ta fita ta tara ƙulli bakwai ko takwas, sannan a haɗa mata su duka a baƙar leda ɗaya. Mai koko da safe a leda take zubawa, da zafinsa. Alalen da a da ake dafawa a gwangwani yanzu a leda ake ƙulla shi a jefa cikin tafasasshen ruwa. Tuwon biki a leda ake malmala shi. Da rana ta take, yara na ratsa rumfuna da fiya wata da zoɓo mai ƙanƙara, kowa ya huda da haƙori, ya tsotse, ya yar nan inda yake tsaye.

Tsofaffin garin sun san kasuwar da ba haka take ba. Mace kan fito da ƙwarya a ka da faifai a rufe, namiji da sanho ko burgami a kafaɗa. Mai son mai ya zo da kwalbarsa, mai son ƙosai ya miƙa ƙoƙonsa. Goro yana cikin ganyen fita, tsire a takarda. Duk abin da aka yar, gara da ruwan damina za su gama da shi kafin shekara ta zagayo. Amma in ka matsa wa tsofaffin da tambaya, za su faɗa maka gaskiya: ƙwarya na fashewa, kwando na da nauyi, kuma wanda ya manta kwalbarsa a gida sai ya koma. Leda ta zo ba nauyi, ba wanki, ba a biya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wanda ya sa baƙar ta fi farar farin jini. Baƙar leda rufin asiri ce. Magidancin da ya sayo naman dala ashirin, da wanda ya sayo na jika biyu, in suka ratsa ta gaban majalisa kowa da ƙullinsa a hannu, ba mai sanin na wa ya fi. Matar da ta auno garin rogo saboda geron rumbu ya ƙare, ba ta son maƙwabciya ta gani. Maganin da aka sayo wa mara lafiya, da sabulun mai jego, da ɗan kunu da za a kai wa surukai, duk baƙar leda ke ɓoye su. Shi ya sa in mai kaya ya miƙo maka abu tsirara a hannu, sai ka ji kamar ya rena ka. Duk mai son raba mutanen nan da leda, in bai san wannan ba, bai fara ba.

Waɗanda suka fi kowa sanin kuɗin da ake biya su ne rundawa. Kwatar garin na bayan kasuwa, daɓen siminti ne da rijiya kusa da shi, ungulaye na jira a kan gawo. Da asuba ake yanka, Sarkin Fawa na zaune yana kallon abin da aka kayar. In aka feɗe aka fasa tumbi don a wanke, sau da yawa abin da ke fitowa tare da taroson shi ne dunƙulen leda, ta nannaɗe da igiya da tsumma ta yi tauri kamar ƙwallo. A sa ko saniya dunƙulen kan cika hannu biyu.

Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Dabba mai tuƙa ba ta tsayawa ta tauna sosai, haɗiya take yi ta adana a tumbi, sai ta kwanta ta dawo da shi ta tuƙa. Ciyawa na narkewa ta wuce, leda kuwa ba ta narkewa, ba ta kuma wucewa. Tana nan tana taruwa har ta cinye wurin abinci. Dabbar ta riƙa jin ta ƙoshi alhali yunwa na cinta. Sai ka ga ciki ya yi tulu, haƙarƙari sun fito, gashi ya tashi, nono ya ƙafe. Mai ita ta ba ta dusa, ta ba ta kanwa, ta sayo maganin tsutsa, a banza. Abin ya fi tsanani da bazara, lokacin da harawa ta ƙare, daji ya bushe, dabbobi suka koma kiwo a juji.

A wannan yanki akuya ba ƙaramar dukiya ba ce. Nan ne gidan jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna wajen yawan haihuwa, fatarta kuma tun zamanin ayarin raƙuma ake ƙetare Sahara da ita saboda laushinta. Galibin awakin ƙauyen na mata ne. Akuya ce asusun mace: da ita ake yi wa 'ya kayan ɗaki, da ita ake zuwa asibiti, ita ake sayarwa a sayi hatsi in damina ta yi gardama. In ta fara ramewa ba dalili, dillalan kara sun san alamar, suna taɓa ciki su karya farashi. Ta nan ledar da aka ba mace kyauta ranar kasuwa take dawowa ta karɓi kuɗinta.

Gona ma ba ta tsira ba. Da rani ake kwashe juji a amalanke a kai taki, ledar na ciki. In ruwa ya sauka aka shiga noma, garma na tono ta, ta shekara uku ta shekara biyar tana nan yadda aka binne ta, tana tare saiwa, tana hana ruwa shiga ƙasa. Wadda ta rage a gari ta toshe 'yar hanyar ruwa, ta riƙe ruwa a lungu, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Wadda aka share kuwa wuta ake sa mata, ko a hura gawayin shayi da ita, yara na zaune cikin baƙin hayaƙin.

To ina dokar? Mutanen ƙauyen sun ji labarinta a rediyo, kamar yadda suke jin labarin abubuwa da dama da ake yankewa a Yamai. Amma leda ba ta da nauyi, dami guda da za a ɗaure a bayan babur ya ishi kasuwa ɗaya, hanyoyin daji tsakanin nan da Katsina kuma sun fi a ƙirga. A ɗaya ɓangaren iyakar kuwa, majalisar wakilan Nijeriya ta amince da ƙudurin hana leda a 2019, bai zama doka ba, masana'antun roba na Kano kuma suna aiki. Wa za a kama? Yarinya mai tallan koko?

Inda doka irin wannan ta yi tasiri, ba da mai talla aka fara ba. Bangaladash ta hana leda a 2002, bayan an ga yadda ta toshe magudanan ruwa ta ƙara wa ambaliya muni. Ruwanda ta hana a 2008, ta tsare ƙofofin shigowa, har a filin jirgin Kigali ana karɓe leda daga hannun matafiya, shaguna suka koma jakar takarda. Kenya ta bi sahu a 2017 da hukunci mai tsanani, tarar da ta kai shilin miliyan 4 ko ɗaurin shekara 4, duk da haka masu fasa-ƙwauri ba su daina shigo da ita daga maƙwabta ba. A wuraren nan an tare ledar tun daga tushe, an kuma sa wani abu a hannun mai saye. A ƙauyen nan ba a yi ko ɗaya ba.

Abin da za a sa a hannun nasa kuwa yana nan cikin kasuwar, a rumfar ƙarshe ta wajen gabas, inda tsofaffin mata ke zama da kayan kaba. Goruba na nan a fadama, hannun da ya iya saƙa bai ƙare ba. Suna kawo tabarma da faifai da kwando da jaka mai murfi, wadda in aka rufe ta ba mai ganin abin da ke ciki, kamar dai baƙar leda. Jaka ɗaya na yin shekara. Sai dai ita da kuɗi ake sayenta, kuma ba ta ƙulla man dala goma, ba ta ɗaukar koko. Wannan sai an koma ga kwalba da kwanon sha, sai kuma ranar da mai tebur ya fara cewa leda ma da kuɗinta. Jiya har aka watse, tabarmi sun ƙare, faya-fayai sun ragu, jakunkunan suna nan a jere.

Yanzu hantsi ya yi. Wata yarinya ta fito da tsumagiya tana kiran awakin gidansu, ta iske jar akuyar innarta a gindin teburin mai ƙosai, rabin leda na reto a bakinta. Ta riƙe ƙahon da hannu ɗaya, ta sa ɗayan ta jawo. Abin da ya fito ta yar a ƙasa, ta kora akuyar gida. Wata akuya da ke bayansu ta matso ta sunkuya.