Da Ali Ya Kara Da Taisan, Wa Zai Kashe Wani?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, idan kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai hira ta yi tsawo. Daga Danciyawo har Magarya da Dungas, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a dandali da wurin shan shayi. Tsofaffi su ce babu ɗan dambe kamar Muhammadu Ali. Samari su ce Mayik Taisan zai kashe shi tun a turmin farko. Kisa a nan irin na dambe ne, wato a kai mutum ƙasa. Wani lokaci gardamar takan kai ga zagi, har abokai su kwana biyu ba su gaisa ba. To, bari mu duba abin da ya faru da gaske, don kowa ya yi gardama da hujja.

Su wane ne mazajen?

Damben boksin ya bambanta da namu. Hannu biyu ake sa wa safa. Kowane turmi minti 3 ne, a huta minti 1. Wanda ya faɗi, alƙali ya ƙirga 10 bai tashi ba, an kashe shi ke nan. Ga huɗu daga cikin manyan masu nauyi, dukansu ƴan Amurka.

Jo Luwis ya riƙe kambun duniya daga 1937 zuwa 1949. Sau 25 ana zuwa ƙwace shi, ba a iya ba.

Roki Marsiyano ya yi dambe 49, ya ci duka 49. Ya bar dambe a 1956.

Muhammadu Ali ya yi dambe 61. Ya ci 56, an ci shi sau 5. Ya ɗauki kambu har sau uku. Ya rasu a 2016.

Mayik Taisan ya ɗauki kambu a 1986 yana da shekara 20. Babu wanda ya taɓa ɗaukar kambun masu nauyi da ƙuruciya haka.

Ranar da aka tambayi na'ura

Kada ku zaci mu kaɗai ke wannan gardama. A Amurka har kwamfuta suka tambaya. A 1969 aka zuba mata labarin Ali da na Marsiyano. A lokacin an hana Ali dambe, don ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam. Marsiyano kuwa ya haura shekara 45. Aka sa su a ɗaki suna kwaikwayon dambe, ana ɗaukar hoto. Aka ɗauki ƙarshe iri-iri aka ajiye.

Ran 20 ga Janairu 1970 aka nuna fim ɗin a gidajen silima. Na'ura ta ce Marsiyano ya kashe Ali a turmi na 13. Marsiyano bai ga fim ɗin ba, don ya mutu a haɗarin jirgin sama a watan Agusta 1969. Daga baya a Ingila aka nuna wani ƙarshen, inda Ali ne ya ci.

A shekarar nan ta 1970 aka sake tambayar na'ura. Ta ce Bob Fosta zai ci Jo Fireza. Da aka shiga fili, Fireza ya kashe shi a turmi na 2. Ashe na'ura abin da aka zuba mata shi take mayarwa. Ba ta san zuciyar namiji ba.

Lissafin da ba ya fita

Wasu kan ce: wane ya kashe wane, shi kuma ya kashe wane, saboda haka na farko ya fi kowa. Wannan lissafi daidai ne a awon hatsi. A dambe ba ya fita. Ga misali.

A 1971 Fireza ya ci Ali. A 1973 Joj Foman ya kai Fireza ƙasa sau 6 cikin turmi 2. Bisa lissafi, Foman zai tattake Ali. Mutane da yawa haka suka zata. Amma ran 30 ga Oktoba 1974, a birnin Kinshasa, Ali ya jingina da igiya ya tare fuska. Ya bar Foman ya yi ta duka har ya gaji. A turmi na 8 Ali ya kai shi ƙasa.

Me ya sa? Kowane ɗan dambe da irin wanda ke ba shi wuya. Fireza gajere ne mai kutsawa, sai ya faɗa hannun Foman mai nauyi. Ali dogo ne mai dabara da haƙuri. Makiyayi ya san wannan a garkensa. Bijimin da ya kori wani, wani ƙarami yakan kore shi.

Tsufa ba ya jin kirari

Akwai lokacin da zakaran da ya kara da zakaran yanzu a fili. A 1951 Marsiyano ya kashe Luwis a turmi na 8, amma Luwis yana da shekara 37. A 1980 Lari Homs ya ci Ali, Ali yana da shekara 38. A 1988 Taisan ya kashe Homs a turmi na 4, shi ma Homs yana da shekara 38.

Duk ukun yaro ne ya ci tsoho. Wannan bai nuna wanda ya fi ba. Saboda haka idan mutum ya ce maka Ali, tambaye shi: Ali na wace shekara? Na 1966 mai ƙafa kamar barewa, ko na 1980 da jiki ya ƙi? Taisan ma haka. Na 1988 daban yake da na 1990, wanda Basta Daglas ya kashe a birnin Tokiyo a turmi na 10.

Nauyi da doka

Zamani ya sake. Nauyin Marsiyano wajen kilo 85 ne. Yau sai mutum ya wuce kilo 90 ake sa shi cikin masu nauyi. Wasu ma sun haura kilo 110. Duk da haka nauyi ba shi ne komi ba. A 2024 Usik ɗan Yukiren ya ci Taisan Furi ɗan Ingila sau biyu, alhali Furi ya fi shi tsawo da nauyi nesa.

Doka ma ta sake. Da, damben kambu turmi 15 ne. A 1982 wani ɗan Koriya ya mutu bayan dambe, sai aka fara ragewa zuwa 12. To, da wace doka za a haɗa Ali da Taisan? Taisan da wuri yake kisa. Ali kuwa dambe ya yi tsawo shi ne daɗinsa.

Namu na gida

Mu ma muna da mazaje. Wanda ya ji waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ya san an yi maza a damben Hausa. Sai dai makaɗi gwaninsa yake yabo. Ba aikinsa ba ne ya ƙirga sau nawa gwanin ya faɗi. Su Ali an rubuta ranar kowane dambe nasu da turmin da aka tsaya. Namu yawanci a bakin tsofaffi labarinsu yake. Idan tsohon da ya gani da idonsa ya rasu, sai kirari ya rage.

A kokowa ma ana wannan gardama. Kantu na Maraɗi shi ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975. Isaka Isaka na Dosso ya ɗauki takobi sau da yawa a zamanin baya-bayan nan. Da sun kama, wa zai kā da wani? Tambayar ɗaya ce, kuma sharuɗɗanta ɗaya ne.

Ra'ayina

A ganina Ali na 1966 zai ci Taisan na 1988. Ya fi shi tsawo da tsawon hannu. Ya sha dukan Foman bai faɗi ba. Daglas ma da tsawon hannu ya tsare Taisan daga nesa. Amma mai goyon Taisan yana da tasa hujja. Ali ya taɓa faɗuwa da dukan hagu, a hannun Henri Kufa a 1963 da hannun Fireza a 1971. Hagun Taisan kuwa ba abin wasa ba ne.

Saboda haka, jama'a, a yi gardama, daɗin hira ce. Kafin a fara, a yanke abu uku: shekarun kowa, nauyin kowa, da yawan turmi. Kada a sa kuɗi a kan damben da ba a yi ba, kuma ba za a yi ba. Kada kuma a ɓata zumunci a kansa. Ali da Foman da suka daki juna a Kinshasa, daga baya aminai suka zama.