3.4 Matsalolin Rinin Rigar Jijiya da Hanyoyin Magance Su

Kamar yadda aka yi bayani a baya, mayalin wani kitse ne da ke lulluɓe jijiyoyin saƙo tamkar riga, kuma cututtuka irin su kuturta sukan lalata shi. Domin ganin wannan ɓarna a madubin likita, akan yanka tsokar jijiya siriri a ɗora bisa gilashi, sannan a rina ta. Hanyar da ta fi shahara ita ce ta shuɗin Luxol, wadda Klüver da Barrera suka fito da ita a shekarar 1953. Rigar da ke da lafiya takan kama shuɗi, wadda ta lalace kuwa sai ta fito fari-fari.

Abin lura a nan shi ne, kuskuren ma'aikaci ma yakan haifar da wannan farin. Ke nan ana iya ɗora wa mai lafiya cutar da ba ya da ita.

Matsala ta farko takan faro tun daga wurin ɗaukar samfuri. Misali, idan aka ɗauke shi a Yelwa za a kai Sakkwato, tafiyar sa'o'i ce cikin zafi. Muddin ba a tsoma shi nan take cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari ba, wanda yawansa ya ninka tsokar aƙalla sau goma, to zai fara ruɓewa, rini kuma ba zai gyara shi ba.

Ta biyu ita ce ƙarancin jiƙo. Ana son yankan ya kwana cikin rinin a zafin digiri 56 zuwa 60, a rufe ruf, domin sifirit ɗin da aka narka rinin a ciki yana saurin tashi.

Ta uku ta shafi rage launi, wanda ake yi da ruwan litiyam kabonet mai ƙarfin kashi 0.05 cikin ɗari, sannan sifirit mai kashi 70. Idan aka daɗe, shuɗin ya zube. Idan aka gaggauta, komai ya zama shuɗi. Don haka ake tsomawa na daƙiƙoƙi kaɗan, ana dubawa a madubi. Yankan da ya koɗe ana iya mayar da shi cikin rini.

A taƙaice, wajibi ne a riƙa rina yankan jijiya mai lafiya tare da na majinyaci. Idan duka biyun suka koɗe, laifin aiki ne. Idan na majinyaci kaɗai ya koɗe, sannan ne likita zai yi maganar cuta.