Farautar Elk a Duwatsun Amurka: Takarda Kafin Bindiga

A yammacin Amurka, cikin jerin duwatsun Roki, akwai wata farauta da ake soma shirinta tun watan Janairu, alhali mafi yawan masu yin ta ba za su saɓa bindiga ba sai Oktoba. Ita ce farautar elk. Kafin maharbi ya taka dutse sai ya cike takardu, ya shiga ƙuri'a, ya duƙufa kan taswira, ya horar da jikinsa. Wani ɓangare na wannan shiri kuwa daga mujallun farautar manyan namun daji ake koyon sa. Tsarin yana da ɗawainiya da tsada, amma shi ne dalilin da ya sa har yau dabbar take nan da yawa.

Elk na daga cikin manyan bareyin ƙasashen sanyi masu ƙaho mai rassa. Girmansa ya yi kusa da na gwanki: ƙosasshen namiji kan kai kilo 320, mace kuma wajen kilo 225. Namijin ne kaɗai ke da ƙaho, kuma kowace shekara sai ya zubar da shi a ƙarshen hunturu, wani sabo ya tsiro. A tsakiyar tsirowarsa ƙahon kan ƙaru da santimita 2.5 a rana, idan ya gama girma nauyinsa na iya kai kilo 18. Da zafi garken kan hau can saman duwatsu inda ciyawa ke da ɗanye, idan dusar ƙanƙara ta yi yawa ya gangaro kwari. A watan Satumba lokacin barbara ke kamawa. A nan ne mazan ke tara mata, suna wani irin kuka mai tsawo da ke farawa da gurnani ya ƙare da fito mai kaifi, ana jin sa daga nesa.

An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa akwai elk kusan miliyan 10 a Arewacin Amurka. Da aka buɗe yammacin ƙasar a ƙarni na 19, sai 'yan farautar kasuwa suka far musu, wasu don nama, wasu don fata, wasu ma don haƙora biyu kacal da ake ado da su, a bar gawar ta ruɓe. Nau'in da ke gabashin ƙasar ya ƙare ƙurmus. Zuwa farkon ƙarni na 20 waɗanda suka rage ba su kai 100,000 ba.

Mujallun farauta na cikin waɗanda suka fara kuka da wannan ɓarna. George Bird Grinnell, wanda ya daɗe yana editan Forest and Stream da aka kafa a 1873, ya mai da shafukanta dandalin yaƙi da farautar kasuwa. Rahoton da mujallar ta buga kan wani ɓarawon daji da aka kama yana kashe ɓauna a gandun Yellowstone ya taimaka wajen sa majalisa ta yi dokar kare namun gandun a 1894. Tun a 1887 Grinnell da Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett, wadda ta yaɗa aƙidar cewa dole a bar wa dabba damar tsira, kada a harbe ta a tarko ko cikin shinge. A 1900 dokar Lacey ta haramta ƙetare iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1912 aka keɓe wa elk mafakar hunturu a Jackson, jihar Wayomin.

Mafi muhimmanci ita ce dokar Pittman-Robertson ta 1937. Ta tanadi cewa harajin da ake karɓa kan bindigogin farauta da harsasai, wanda yake kashi 11 cikin ɗari, a raba wa jihohi don kula da namun daji da mazauninsu, bisa sharaɗin kada jiha ta karkatar da kuɗin lasisin farauta zuwa wani aiki. Da wannan kuɗi aka sayi filaye, aka ɗauki ma'aikatan daji, aka riƙa kwasar elk daga inda suka yi saura ana kai su inda suka ƙare. Yau adadinsu ya kai kimanin miliyan ɗaya, kuma jihar Kolorado ce ke da garke mafi girma, sama da 280,000. Hatta Kentaki da ke gabas an mayar mata da kimanin 1,500 tsakanin 1997 da 2002, sun hayayyafa har ana farautarsu.

Tsofaffin mujallun da suka rayu zuwa wannan zamani sun haɗa da Sports Afield ta 1887, da Field & Stream ta 1895, da Outdoor Life da aka fara bugawa a Denver a 1898. Akwai kuma Bugle, mujallar Rocky Mountain Elk Foundation, gidauniyar da wasu maharba huɗu suka kafa a Montana a 1984 don kare mazaunin elk. Abin da ke cikinsu kashi uku ne: labaran waɗanda suka je suka dawo, gwajin kaya kamar bindiga da takalmi da tanti, sai bayanan ƙuri'a. Wannan na ukun shi ne abin da mai shiri na gaske ya fi nema, kuma Eastmans' Hunting Journal ta yi suna a kansa. Takan jera yankuna, ta nuna mutum nawa suka nemi lasisi bara, nawa suka samu, nawa suka yi kisa. A yanzu da yawa daga cikin wannan aiki ya koma intanet da manhajojin waya.

Sai dai mai karatu ya riƙa lura. Mujallar da tallan bindiga da na masu jagorancin farauta ke ciyar da ita ba za ta sa hoton wanda ya dawo hannu rabbana a bangonta ba, ƙaton namiji mai rassa shida a kowane gefe za ta sa. Gaskiyar kuwa ita ce a yankuna da yawa na filin gwamnati, cikin maharba goma da wuya biyu su dawo da nama. Sabon shiga da ya auna kansa da hoton bango zai kashe kuɗi ya dawo da takaici.

Matakin farko na shiri shi ne lasisi. A Amurka namun daji amana ce ta jama'a a hannun jiha, ko da kuwa a gonar wani suke kiwo. Kowace jiha ta raba ƙasarta yanki-yanki, ma'aikatanta kan ƙirga garke daga jirgin sama da hunturu, sannan a yanke yawan maza da matan da za a iya cirewa ba tare da an raunana garken ba. Inda masu nema suka fi lasisi yawa sai a jefa ƙuri'a. Baƙon da ba ɗan jiha ba yakan miƙa takardarsa a Wayomin kafin ƙarshen Janairu, a Kolorado da Montana kuma farkon Afrilu. A jihohi da dama wanda ya faɗi akan ba shi maki da zai ƙara masa dama baɗi, kuma akwai yankunan da sai mutum ya tara maki na fiye da shekara 20. Ɗan jiha kan biya 'yan gomomin daloli, baƙo kuwa ɗaruruwa, a wasu jihohin fiye da dala 1,000. Kolorado ba ta ba duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau lasisi sai da shaidar ya yi karatun kiyaye haɗarin farauta.

Bayan lasisi sai sanin inda za a taka. Gwamnatin tarayya na da filaye masu faɗi a yamma da kowa ke da izinin shiga, amma a wurare da yawa sun sarƙe da na masu kiwo, murabba'i na gwamnati, murabba'i na wani. Shiga na wani ba izini laifi ne. Har kotu aka je a Wayomin kan wasu maharba huɗu da suka kafa tsani suka tsallaka daga kusurwar filin gwamnati zuwa wata kusurwar ba tare da taɓa ƙasar mai gona ba, kuma a 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya. Haka nan Wayomin ba ta barin baƙo ya yi farautar manyan dabbobi a keɓaɓɓun dazuzzukan da ba a shiga da mota sai da jagora mai lasisi ko rakiyar ɗan jiha.

Sai zaɓen lokaci da makami. Satumba ta masu baka da kibiya ce. Sukan kwaikwayi kukan namiji ko kiran mace da 'yar busa, su jawo dabbar har tazarar mita 40 ko ƙasa da haka. A wannan kusanci hancin elk ne babban abokin gaba, don haka maharbi ke nazarin iska: da asuba takan gangara ƙasa, rana na ɗumama dutse ta juya sama. Oktoba da Nuwamba na masu bindiga ne, lokacin mazan sun yi shiru sun shige duhuwar itatuwa. Aikin sai ya koma zama a kan tudu tun duku-duku da tabarau mai hangen nesa. Jihohi da dama sun wajabta wa masu bindiga sa riga mai launin ruwan lemo mai haske, domin sauran maharba su hango su, ita kuwa dabbar ba ta bambance launin sosai.

Ba a fafe gora ranar tafiya, haka jiki ma. Ana wannan farauta ne a tsayin mita 2,500 zuwa 3,500, inda iskar shaƙa ke da ƙaranci. Wanda ya taso daga ƙasa mai shimfiɗe kan gamu da ciwon kai da haki da rashin barci, shi ya sa ake son ya iso da kwana biyu ko uku ya saba. Masu shiri kan kwashe watanni suna hawan tudu da jaka mai nauyi a baya. Yanayi na iya juyewa daga rana zuwa dusar ƙanƙara cikin yini guda, waya ba ta da sabis, kuma a sassan Montana da Wayomin da Aidaho akwai manyan beyar masu kai hari, musamman inda aka feɗe nama.

Maharba kan ce wahalar ba ta farawa sai dabba ta faɗi. Nan take za a cike takardar lasisin a ɗaura, a feɗe, a raba cinyoyi da karfata, a zuba cikin buhunan yadi a rataye a inuwa kafin nama ya lalace. Babban namiji kan ba da tsoka wajen kilo 90, kuma wanda ba shi da doki ko alfadari sai ya yi sawu uku ko huɗu da kaya a baya, wani lokaci tafiyar kilomita da yawa. Ɗauke ƙaho a bar nama laifi ne mai tara da ƙwace lasisi, sayar da naman kuma haramun ne a doka, sai dai a ci ko a bayar. A wasu yankuna ana gwada dabbar saboda wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da bareyi, wadda aka fara ganowa a Kolorado a 1967.

Tsarin bai rasa masu ƙorafi ba. Tun da aka mayar da kyarketai Yellowstone a 1995 ake jayayya kan yawan elk da suke ci. Makiyaya na kukan garke na cinye musu harawa, talakan maharbi na kukan tsada na neman mai da abin na masu hali, wasu kuma ba su yarda da farautar nishaɗi ba sam. Su ma 'yan asalin ƙasar suna da tsofaffin yarjejeniyoyin farauta, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa haƙƙin ƙabilar Crow bai mutu ba don Wayomin ta zama jiha.

Duk da haka, abin da ya tabbata a bayyane yake. Dabbar da ta kusa ƙarewa shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, yau ana harbin dubbanta kowace shekara kuma garkenta na nan daram. Ƙidaya kafin kisa, rufe daji sai lokacinsa, hana cinikin nama, da mayar da kuɗin maharbi cikin daji, su ne suka yi wannan aiki. Duk al'ummar da ke son jikokinta su tarar da namun daji, sai maharbanta sun yarda a ƙayyade musu abin da za su ɗauka.