Ya haddace, amma ya iya karantawa?

A zangunanmu, daga Nima har Kumasi, yaron da karatu ya ƙi shiga kansa sunansa ɗaya: daƙiƙi. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce wasa ya yi masa yawa. Alhali a cikinsu akwai masu larurar da likitoci ke kira disleksiya.

Wani likitan ido ɗan Jamus, Rudolf Berlin, shi ya fara amfani da sunan a 1887. A 1896 kuma likita Pringle Morgan na Ingila ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, wanda karatu ya gagare shi. A wancan zamani "makantar kalma" ake ce mata. Yau an gano idon lafiyarsa ƙalau; ƙwaƙwalwa ce ke shan wahala wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da haɗa kowanne da harafinsa. Tana bin jini, kuma hukumar lafiyar Birtaniya na ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 10 na da ita, ko da kaɗan ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda take ɓuya a wurinmu. A makarantar allo malam yana biyawa, yara na amsawa. Yaro mai kunne sai ya kwashe surar tsaf, yana bin allo da yatsa kamar gaske. Na taɓa rufe wa wani ɗan 'yar uwata farkon aya, na nuna masa kalma ɗaya a tsakiya. Shiru. Ba, ta da nun, waɗanda ɗigo ne ke bambanta su, duk sun cakuɗe masa. Wallahi haddarsa ta fi tawa.

A boko kuwa sai a ɗora laifin a kan Turanci. Da gaskiyarsu ta wani gefen: yaro ya tashi da Hausa a gida, ga Turancin da rubutunsa da furucinsa ba sa jituwa. Amma wanda harshe ne kawai matsalarsa, yana gane Turanci karatunsa zai miƙe. Mai disleksiya bakinsa zai iya Turancin sarai, takarda dai ta ci gaba da gagararsa har a doshi jarrabawar BECE.

Bulala ba ta koyar da sauti, sai dai ta sa yaro ya tsani allo. Abin da ke aiki shi ne koyar da harafi da sautinsa ɗaya bayan ɗaya, kullum kaɗan, yana faɗa yana zanawa, ko a kan rairayi ne. Gana na da manufar ilimin da ya haɗa kowa tun 2015, saboda haka iyaye na da bakin zuwa wurin hedimasta su nemi a gwada yaron. Gwajin gida ma ba wuya: ku ce ya faɗi "kaza" ba tare da "ka" ba. Idan ɗan aji biyu ko uku ya yi ta kame-kame a irin wannan, ku je makarantar a makon nan.