Kaset da Baki: Abin da Ya Raya Wasu Wasannin Barkwanci na Talabijin

Wasan barkwanci na talabijin, wanda Turawa ke kira sitkom, shiri ne da ake ginawa a kan mutane ƙalilan masu halin da ba ya sauyawa, waɗanda ke zaune a wuri guda, gida ne ko bariki ko zauren alƙali, ana jefa su cikin sabuwar rigima kowane mako, a kashe ta kafin rabin sa'a ta cika, sannan mako na gaba su dawo kamar ba su taɓa koyon darasi ba. Ya bambanta da wasa mai dogon zango, wanda labarinsa ke ci gaba daga mako zuwa mako, domin wanda kashi ɗaya na wasan barkwanci ya wuce shi bai yi asarar komai ba, halin da ya bari shi zai tarar. Irin wannan shiri ya yi tashe a Arewacin Nijeriya tun daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen 1980, kuma daga cikin ɗimbin wasannin da aka nuna a lokacin, waɗanda har yau ake ambato ba su taka kara sun karya ba.

Talabijin ta fara aiki a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ta iso Kaduna a 1962 ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa, sannan a 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukumar NTA. A Kano, gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa tashar jiha, CTV 67, a farkon shekarun 1980, wadda bayan rasuwarsa a 2010 aka mayar da sunanta ARTV. Tana nan a Hotoro, kan titin Maiduguri, ba nisa da Daurawa. Daga waɗannan tashoshi ne aka san Samanja Mazan Fama da Karambana a Kaduna, da Karkuzu na Bodara a Jos, da Golobo a Sakkwato, da kuma Kuliya Manta Sabo da Hankaka da Ɗan Magori a Kano.

Yadda aka kalli waɗannan wasanni yana da hannu a yadda aka riƙe su. A unguwannin Kano irin su Daurawa da Tarauni da Gyadi-Gyadi, waɗanda a lokacin ma'aikata da 'yan kasuwa da baƙi ke ta cika su, ba kowane gida ke da akwatin talabijin ba, kuma tashar ba ta buɗewa sai da yamma, ta rufe kafin dare ya raba. Mai akwati yakan fito da shi tsakar gida ko zaure bayan sallar isha'i, a shimfiɗa tabarma, yara su zube a gaba suna ture juna, matan gida su tsaya daga bakin ƙofa, wani saurayi kuma ya riƙa juya sandar eriya ana yi masa ihu daga ciki har hoton ya daina rawa. Idan aka ɗauke wuta ana tsakar wasa, ƙarshen labarin sai a bakin wanda ya gani a wata unguwa. Da yake tashoshin ba su wuce biyu ba, abin da aka kalla daren jiya shi ne hirar safiya a makaranta da teburin mai shayi da majalisar tela, ta yadda wasan rabin sa'a yakan sami maimaici na mako guda a bakin mutanen da wasunsu ma ba su gan shi ba.

Dalili na farko na rayuwar shiri ko mutuwarsa ba shi da alaƙa da kyaunsa, domin magana ce ta abin da aka naɗe shi a kai. A Amurka, shirin I Love Lucy, wanda tashar CBS ta nuna daga 1951 zuwa 1957, an ɗauke shi ne a kan fim na sinima da kyamara uku, a lokacin da yawancin shirye-shirye kai tsaye ake watsa su, su wuce kamar iska. Wannan zaɓi, wanda ya fi tsada a farko, shi ya ba da damar maimaita shirin shekaru da shekaru, alhali yawancin shirye-shiryen tashar DuMont ta zamani ɗaya da shi sun salwanta bayan rushewar tashar. A Ingila ma BBC ta goge kaset masu yawa domin ta sake naɗar wani abu a kansu, kuma abin mamaki, kashi tara na shirinta Doctor Who da aka fid da ran samu, a Jos aka gano su a 2013, cikin ɗakin ajiyar wata tashar talabijin, inda aka manta da su shekaru da dama. Mantuwar da ta kashe wasu ita ta tsirar da waɗannan.

Tashoshin Arewa sun yi aiki ne cikin ƙuncin da ya fi wannan. Kaset ɗin ɗaukar hoto na ƙwararru, irin su U-matic na kamfanin Sony, daga waje ake sayo su da kuɗin ƙetare, kuma da tattalin arzikin ƙasar ya tabarbare a shekarun 1980, mai shirya shiri da ke buƙatar kaset domin labaran dare ba ya da zaɓi illa ya ɗauko na wasan makon jiya ya hau kansa. Wanda ya tsira daga gogewa kuma sai ya haɗu da zafin bazara da ƙurar hunturu da laimar damina, waɗanda ke sa zaren kaset ya manne ko ya yi funfuna, ga shi kuma na'urar da za ta karanta shi ta daina zuwa kasuwa. Har ila yau, yawancin waɗannan wasanni ba a rubuce suke ba: ana zama ne a tsara ƙashin labarin, a raba wa kowa matsayinsa, sannan kowane ɗan wasa ya cika sauran da bakinsa a gaban kyamara. Wannan ya ba su daɗin Hausa mai rai wadda ba ta da ƙamshin takarda, amma ya sa idan kaset ya tafi, babu ko shafi guda da za a koma wa.

Saboda haka, a ƙasar Hausa, babbar ma'ajiyar wasan barkwanci ita ce bakin jama'a, kuma baki ba ya ɗaukar labari mai sarƙaƙiya, abin da yake iya ɗauka shi ne suna da hali da salon magana. A nan ne Samanja ya yi wa sauran fintinkau. Usman Baba Pategi, mai fitowa a matsayin Samanja, Banufe ɗan gidan sarautar Pategi wanda ya rasu a Kaduna cikin Nuwamban 2023, ya yi aikin soja da gaske, kuma sunan da ya ɗauka Hausantar da muƙamin sajan-manjo ne, wato babban kurtun da ke tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji, mai tsawatar wa na ƙasa yana ƙamewa ga na sama. Ya fito ne a lokacin da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar sojan Nijeriya daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000, ta yadda da wuya a sami unguwar da ba ta da tsohon soja ko ɗan'uwan soja. Mutane sun riga sun san mutumin kafin su gan shi a akwati: mai Hausar bariki, wadda ke gauraya da Turancin buroka da zarar rai ya ɓaci, mai son tafiyar da gida da abokai kamar filin fareti, mai cika baki da labarin fama, amma kuma mai zuciyar da ba ta riƙo. Wasan bai ƙirƙiro shi ba, suna kawai ya raɗa masa.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, sojoji ke mulkin ƙasar, kuma talaka ba shi da wurin da zai yi wa kaki dariya a fili ya kwana lafiya. Samanja ya buɗe wannan ƙofa ba tare da ya taɓa manya ba, domin dariyar tana sauka ne a kan kurtu, kuma dariya ce irin ta wasan dangi, wadda Bahaushe ya saba da ita tsakanin taubasai, ko tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, inda ake tsokana ba a ƙulla gaba. Sojoji da kansu suna cikin masu kallonsa. Shirin da ya sami irin wannan gurbi, inda mai iko da wanda ake iko da shi ke dariya a kan abu guda, ya fi ƙarfin lalacewar kaset, shi ya sa har yau a kan ji an kira wani mai tsananin oda a gida ko a wurin aiki da Samanja, kuma mai kiran sau da yawa ba a haife shi ba lokacin da ake nuna wasan.

Haka abin yake, ko da bai kai wannan ba, ga Karambana na Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017. Kalmar karambani tana cikin harshe tun kafin talabijin, wato shiga abin da ba a iya ba ko ba a sa mutum ba, don haka sunan ya sauka a ƙasar da aka riga aka yi wa huɗa. Kuliya Manta Sabo ma karin magana ce da aka sani game da kotu, inda sanayya ba ta aiki, kuma zauren shari'a wuri ne da ba ya rasa sababbin fuskoki da sababbin ƙorafe-ƙorafe, ga shi kowa yana da abin cewa a kan gado da bashi da rikicin aure. Gwanayen wannan fage ba daga sama suka faɗo ba, magada ne ga 'yan kama, masu kwaikwayon malamai da wasa da maganar abinci, da kuma wasannin tashe na watan azumi, inda yara ke kwaikwayon halayen manya a ƙofar gidajensu. Wasan da ya jingina da wannan tushe ya iske masu kallo da suka riga suka san ƙa'idarsa.

Waɗanda suka shuɗe fa? Da yawansu an gina su ne a kan saƙo. Tashoshin na gwamnati ne, kuma an ɗora musu aikin wayar da kai a kan tsabtar muhalli da rigakafi da takin zamani da yaƙi da jahilci da bin layi, musamman zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984. Ba laifi ba ne wasa ya faɗakar, Samanja ma yana yi, amma akwai bambanci tsakanin wasan da hali ke jan saƙo da wanda saƙo ke jan hali. A na biyun, ɗan wasa allon sanarwa ne kawai, ana gane inda labarin zai ƙare tun daga sallama, kuma ranar da gwamnati ta sauya ko kuɗin shirin suka ƙare, wasan yakan bi su. Wasu kuma barkwancinsu ya rataya ne a kan abin yayi, kamar ƙauyancin wanda ya fara ganin lantarki ko wayar tarho, abin da jikan mai kallon farko ba zai ga abin dariya a ciki ba. Wasu ko, gaskiya, ba su gaza a komai ba, rashin sa'a ce: tasharsu ba ta kai nesa ba, ko ɗan wasan da ke riƙe da su ya rasu ko ya bar aikin, domin shirin da ya dogara da bakin mutum ɗaya ba a iya naɗa masa magaji.

Bayan kaset da baki, hanya ta uku ta tsirar wasa, wadda ta fi sauran ƙanƙanta amma ta fi su tabbas, ita ce takarda. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sun faro ne daga rediyo kafin a buga su, haka Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, kuma Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ya fito a littafi a 1979. Da suka shiga manhajar makarantu sai suka sami masu karatu sababbi kowace shekara, ko da kuwa tilas ta jarrabawa ce ta kawo su. Wasannin barkwancin talabijin ba su sami wannan gata ba, wataƙila domin an ɗauke su abin nishaɗi da bai cancanci tawada ba, hukuncin da ya jawo asarar wani babban kundi na Hausar baka ta birane a wancan zamani.

Zuwan fina-finan bidiyo, wanda ake ƙirgawa daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ya janye 'yan wasa da masu kallo daga tashoshin gwamnati zuwa kasuwa, kuma ofisoshin masu wannan sana'a suka taru a titin Gidan Zoo, maƙwabcin Gyadi-Gyadi. Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disamban 2014, ya ɗauki tsohuwar dabarar nan ta hali ɗaya cikin riguna dabam-dabam, amma shi ya yi sa'ar zamani, domin an buga fina-finansa dubbai a kaset da faifai, sun bazu a gidaje da shaguna, babu wani ma'aikaci guda da zai iya goge su. Da tashar Arewa24 ta zo a 2014 da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, sannan daga baya Gidan Badamasi, kallon mako-mako ya dawo, wannan karon tare da YouTube.

Abin da ya rage na tsofaffin wasannin yanzu yana yawo ne gutsure-gutsure, yawanci daga kaset ɗin VHS da wani ya naɗa a gida ya ajiye a ƙasan akwati, hoton ya dushe, sautin yana shaƙewa, wani lokaci da tambarin tashar a kusurwa. Masu shagunan tura fina-finai a waya suna haɗa su da sababbi idan an tambaya, kuma masu tambayar galibi dattawa ne, ko 'ya'yan da aka aiko. Gutsuren da ya fi yawo shi ne wanda ake fahimta cikin minti uku ba tare da sanin abin da ya gabata ba, wato wurin da Samanja ya fusata Hausarsa ta karye.