Shin Ko Kun San? Masu Rawanin Punjab

Shin ko kun san ba kowane mai rawani da dogon gemu daga Indiya ne Musulmi ba? Da yawansu mabiya addinin Sikh ne, wanda Guru Nanak ya kafa. An haife shi a 1469 a wani ƙauye kusa da Lahore, garin da yanzu ake kira Nankana Sahib, a cikin Pakistan. Ya yi wa'azin cewa mahalicci ɗaya ne, ya ƙi bautar gumaka, ya kuma ƙi tsarin da ke fifita wani gida a kan wani saboda haihuwa. Abokin tafiyarsa, Mardana, Musulmi ne mai kaɗa rababa.

Shin ko kun san shugabansu na yau littafi ne? Bayan malamai goma a jere, na ƙarshensu, Guru Gobind Singh, ya ce kafin rasuwarsa a 1708 babu wani mutum da zai gaje shi sai littafinsu, Guru Granth Sahib. Shafinsa 1,430, kuma a ciki har da baitocin Shehu Farid, sufi Musulmi. Shi dai Gobind Singh ɗin ne ya kafa ƙungiyar Khalsa a 1699, inda ake barin gashi ba aski, a ɗaura awarwaron ƙarfe, a rataya 'yar wuƙa. Daga nan maza suka zama Singh, mata Kaur.

Abin da ya fi burge ni shi ne langar. Kowane wurin ibadarsu, wato gurdwara, yana da kicin, kuma duk wanda ya shigo zai ci kyauta, ba a tambayar addininsa. Kowa a ƙasa yake zama, sahu-sahu, attajiri kafaɗa da kafaɗa da ɗan dako, ana zuba musu gurasa da miyar wake. A Haikalin Zinare na Amritsar dubun-dubatar mutane ke ci a kullum, masu aikin sa kai ne ke dafawa da wanke kwanuka.

Ta yaya suka bazu? Turawan Ingila sun ci yankinsu na Punjab a 1849, suka ɗibe su aikin soja da ɗan sanda zuwa Hong Kong da Singapore. Wasu sun iso Kenya aikin layin dogon da ya tashi daga Mombasa a 1896, shi ya sa ake samun gurdwara a Makindu. A 1914 Kanada ta kori jirgin ruwan Komagata Maru da fasinja 376, galibinsu Sikh. Duniya juyi-juyi: a ƙidayar 2021 sun haura 770,000 a Kanada, kashi 2.1 cikin ɗari, sama da kasonsu a Indiya, inda ƙidayar 2011 ta ba su kashi 1.7.

A Birtaniya kuwa, tun 1976 doka ta yafe wa mai rawanin Sikh sanya hular kwano a kan babur.